Hular da Na Kai Dubai Kamun Ƙafa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da wani maƙwabcina ɗan kasuwa da ya san Dubai kamar yunwar cikinsa. Shi kaya zai saro. Ni kuwa gobara zan je kashewa, kuma da bakina na hura ta.

Bari in yi bayani don wanda bai san ni ba. Ni tela ne, ido ya sa na ajiye keke. Boko a aji huɗu na tsaya, rediyo ta ƙarasa mini sauran, har 'yan majalisarmu ta ƙofar masallaci suka naɗa ni Ministan Harkokin Waje, ba albashi. Shekara talatin ina yi musu fashin baƙi a kan Falasɗinu. Na sha rantse musu cewa akwai wani ɗaki a Amurka inda 'yan Sahayoniya ke zama su rubuta sunan shugaban ƙasa a takarda, zaɓe kuwa ɓata tawada ne kawai. Ban taɓa ganin ɗakin ba, amma har launin kujerunsa na sani.

Ashe duk shekarun nan mutum ɗaya ne ke saurarona da gaske, ɗana na fari, wanda kunya ba za ta bari in kama sunansa ba. Yana aiki a rumbun wani kamfanin jigilar kaya a Dubai. Da ƙasar ta ƙulla hulɗa da Isra'ila a ƙarshen shekarar korona, kaya suka fara zuwa daga can, kuma sashensa suke bi. Sai ya rubuta takardar ajiye aiki. Surukata ce ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Baba, a nan in aiki ya tafi, biza ta tafi, katin asibiti ya tafi. Ni kuma wata takwas nake, likita ya hana ni hawa jirgi." Ta ce ya yarda ya riƙe takardar har in zo, don yana so in sa masa albarka.

Hanyar Zariya ana ta aikinta, nan a karkata ka dama, can a mayar da kai hagu, direba na zagin kowa har da kansa. Mun karya da shayi da ƙwai a Kwanar Dangora. A Kaduna muka bar mota muka shiga jirgin ƙasa zuwa Abuja, saboda dalilin da kowa ya sani, ga shi filin jirgin Kano a lokacin ba ya sallamar masu fita waje. Gwajin korona kuwa, tun kwana biyu kafin nan aka zura mini tsinke a hanci har sai da na tuno laifin da na yi wa malaminmu na aji biyu.

A filin jirgin Dubai na fara cin karo da Yahudawa ido da ido. Muna layi sai maƙwabcina ya taɓa ni, ya yi mini nuni da haɓa. Wani mutum ne da 'yar hula kamar murfin kofi a tsakar ka, matarsa na ja masa kunne a kan jaka, yara biyu na kuka. Na ƙura masa ido ina neman alamar mai juya duniya, ban ga komai ba sai magidanci da bai yi barci ba. A matsayina na tela dai na lura ɗinkin hular ba laifi, sai dai an yi rowar yadi.

Ɗana yana zaune a International City, gidajen bene ne iri ɗaya reras kamar an yanka su da almakashi ɗaya, kusa da wata ƙatuwar kasuwar 'yan Sin da za ka wuni ba ka ga ƙarshenta ba. Haya a can da sauƙi, shi ya sa kowace ƙabila ta Allah tana ciki. Shayi mai madara dirhami ɗaya, kofin kuwa in ka yi atishawa ya ƙare.

Bayan mun ci abinci ya ɗauko takardar ya ajiye a gabana. Na ce, "Kai, ba a yanke hukunci da zafin rai." Ya ce, "Baba, ba kai ka ce duk wanda ya ɗauki ko da allurarsu ya taya su rushe gidan wani ba?" Na ce na faɗa. Ya ce, "To kwali ɗari-ɗari nake sa wa hannu." Na laluba aljihun hikimata kaf, ba ko sisi. Surukata tana bakin ƙofar kicin, hannu a ƙugu, tana kallon Minista.

Washegari na bi maƙwabcina Sabkha don in huce. Nan ce Kantin Kwarin Dubai, lungu-lungu, masu tura kaya na ta "yalla, yalla", Hausa na tashi ta ko'ina. Ka ji Bakano yana ciniki, kalma ɗaya Larabci, ɗaya Turanci, in abu ya ƙi sai ya ce "khalas", wato shi ke nan, ya juya baya har a kira shi. Mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka a wani bene, kuɗinsa zai ciyar da gidana kwana uku. Na lura da abu ɗaya: a kan farashin atamfa ana ɗaga murya, amma da na buɗe baki zan taɓo siyasa sai kowa ya tuna yana da waya a aljihu. Maƙwabcina ya raɗa mini cewa a ƙasar nan ministoci irina filin jirgi ake raka su.

Ranar Asabar surukata ta ce a je a sayo mata gurasa, ta kuma nace lallai ni da mijinta za mu je. Daga baya na gane ita ta shirya komai. Mai gurasar wani dattijo ne Bafalasɗine, sa'ana ko ya ɗan girme ni, a ƙasan benensu. Yana gasa ta da man zaitun da wani garin ganye mai ɗan tsami. Na gaishe shi da Larabcina na allo da na aikin Hajji, wanda ya ƙare a jimla ta uku, sai ɗana ya zama tafinta. Na yi masa jaje, na kuma sanar da shi cewa mu a Kano mun san komai game da ɗakin nan na Amurka.

Ya yi dariya har ya share ido da gefen riga. Ya leƙa waje, ya rage murya, ya ce, "Ya Hajj, da ɗaki ɗaya ne ai da mun huta, sai mu nemo makullinsa." Ya ce a sansanin gudun hijira aka haife shi, ƙauyensu a hoto kawai ya san shi. 'Yarsa tana Amurka tana jefa ƙuri'a, ita ke ba shi labari. Ƙungiyoyin masu goyon bayan Isra'ila a fili suke, da ofis da allon suna. Tun ɗan takara bai zama kowa ba suke zuwa su gaishe shi, su haɗa shi da masu ba da gudunmawar yaƙin zaɓe, su gayyace shi ziyara. In ya shiga majalisa suna lura da kowace ƙuri'arsa, wanda ya juya musu baya sai ya tarar sun koma wajen abokin hamayyarsa. Ya ce, "Suna da ƙarfi, kuma a jikinmu muke jin sa. Amma ba tsafi ba ne, ba kullum suke cin nasara ba, kuma ba su kaɗai ba ne a layin. Masu mai suna nan, masu makamai suna nan, har sarakunan yankin nan suna da nasu 'yan aiken."

Na ce to ai duk Yahudawa ne. Ya girgiza kai. Ya ce da yawa daga cikin masu zafin goyon bayan Isra'ila Kiristoci ne, kuma a 'yar ƙungiyar da 'yarsa ke bin ofisoshin 'yan majalisa don Falasɗinu, wadda ta fi kowa naci wata tsohuwa ce Bayahudiya. Na dubi ɗana na ce, "Kai, ka tabbata daidai kake fassarawa?" Ya ce, "Wallahi Baba, ni ma ba daɗi nake ji ba."

Nan take abu ya faɗo mini. Na ce wannan ai kamun ƙafa ne. Na yi sakataren ƙungiyar teloli shekara tara, na san shi ciki da bai. Bambancin kawai, su kafin zaɓe suke zuwa da buƙata, mu sai an rantsar muke zuwa da kalanda mai hoton gwani, muna taya murna.

Ɗana ya gaya wa dattijon maganar takarda, yana jiran yabo. Dattijon ya juya gurasa ya ce, "Ba zan ce ka so kayan ba, ni ma ba na so. Amma in ka tafi gobe za su sa wani, kwali ba zai yi kewarka ba. Matarka ce za ta haihu a titi, kuma ni na san haihuwar titi." Ya tambaye shi ko shi kaɗai ne abin ke damu a rumbun. Ɗana ya ce akwai wani ɗan Sudan da wani ɗan Pakistan. Ya tambaya wane sashe ne ba mai so. Ya ce na Afirka, saboda 'yan kasuwar Kano da ke bugo waya suna faɗa a kan kwantena, ba mai jin yarensu. Na ce, "Alhamdulillahi, masifar mutanenmu ta yi rana."

Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon mako a can, muka shiga tasi zuwa Dubai Investments Park, inda rumbun su ɗana yake. Tafiya ce mai nisa, masana'antu da rumbuna da gidajen ma'aikata, ba inuwa ko ta kare. Na sa babbar riga. Na tsara tawaga yadda aka gada: mai buƙata ba ya magana, don haka ɗana da abokansa biyu suna baya, ni a gaba, dattijon da na roƙa ya raka mu yana gefena, ɗana kuwa ba abin da zai fito daga bakinsa sai fassara. Buƙata ɗaya tak, a canza musu sashe. Manajan Ba'indiye ne mai sanƙo da ladabi. Na yabi kamfani, na yabi iyayensa da ban sani ba, sannan na kawo maganar wayar Kanawa. Da jin haka ya dafe kai ya ce wani abu, ɗana ya fassara: "Ya ce akwai wani Alhaji da ke kiran sa sau bakwai a rana."

Magana ta yi daɗi, sai na yi abin da duk ɗan gidan mutunci zai yi. Na zaro sabuwar hula zanna daga aljihu, aikin hannu, na ajiye masa a tebur. Mutumin nan ya ja kujera baya kamar na ajiye kububuwa. Ya nuna kyamara a saman bango yana ta magana da sauri. Ɗana ya runtse ido. Ashe a wurinsu kyauta ga manaja a kan buƙata cin hanci ne, ana iya korar mai bayarwa da mai karɓa. Wato a Amurka a tara wa ɗan takara abin da ya fi kasuwar Sabkha doka ta yarda, ni hula ɗaya za ta kai ɗana filin jirgi.

Dattijon ne ya cece mu. Ya miƙa hannu a natse ya ɗauki hular, ya kafa ta a kansa a karkace, ya ce wa manajan tasa ce, Alhaji ya kawo masa tsaraba, nuna masa kyan aikin kawai yake yi. Na gyaɗa kai da ƙarfi, Allah Ya yafe mana mu biyun. Manajan ya dube shi, ya dube ni, dariya ta ƙwace masa.

Bayan kwana uku aka mayar da ɗana sashen Afirka, a filin kwantena, ba na'urar sanyaya ɗaki, alawus ya ragu. Ɗan Sudan ma an canza masa, ɗan Pakistan an ce ya jira. Ɗana bai yi murna can-can ba. Ya ce kamfanin dai ɗaya ne, kuma gaskiyarsa. Ya ce zai zauna har a haihu, yana neman wani wurin a hankali. Takardar kuwa surukata ta karɓa ta ce za ta adana masa, na kuma ga inda ta adana ta, ƙarƙashin tukunyar miya.

Mun dawo ta Abuja, jirgin ƙasa ya yi lattin da ya saba, muka shigo Kano ana kiran la'asar. Washegari majalisa ta cika, ana jiran rahoton Minista. Na ce musu ɗakin nan babu shi, na rushe shi da kujerunsa. Abin da ke akwai mutane ne da suka san abin da suke so, suke sammako, ba sa gajiya, kuma ana cutar Falasɗinawa da wannan sammakon nasu alhali mu muna nan muna hamma. Wani ya ce an saye ni da gurasa. Na ce gurasar ta kai a sayi mutum da ita.

Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Magana a bakin tsoho iska ce, amma a kunnen ɗansa umarni ce, don haka yanzu ina taunawa kafin in furta. Na kuma ce wa majalisa kwatar unguwarmu da ta shekara goma tana ambaliya, tun yanzu za mu fara bin masu sha'awar kansila, ba sai an rantsar ba. Mutum uku suka yarda, sauran suka ce sai an ga hali.

Da za mu tashi na yi musu lissafin da ba wanda ya so ji. Shekara talatin muna goyon bayan Falasɗinu a kan wannan tabarmar, abin da ya taɓa fita daga cikinmu ya isa hannun Bafalasɗine hula ce guda ɗaya, ita ma ba shi na yi niyyar ba wa ba. Surukata ta turo mini hotonsa jiya, yana gaban tanda da ita a ka, har yanzu a karkace.