Macijin da Ya Ƙifta Min Ido

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Titiwangsa, can ƙasar waje, maigidana yana digiri na uku a kan wani ƙadangare marar ƙafa ko ɗaya. In ya fara min bayani sai dai in ce "to", don mu a garinmu duk abin da ke jan ciki maciji ne, maganinsa kuma sanda.

Ya sha hawa duwatsun tsibirin Borneo yana dawowa hannu rabbana, saboda irinsu ba su cika ganuwa ba. Daga ƙarshe ya samu guda ɗaya tak, aka ba shi izinin ya auna shi a jami'a ya mayar daji da ransa. Ana haka AC ɗin lab ɗinsu ya lalace, shi kuma ƙadangaren ɗan dutse ne, zafi kashe shi zai yi. Sai ga shi a falona cikin roba.

Zai tafi sallar Juma'a ya ce, "Don Allah, don't touch it, kar ki taɓa shi. In ya mutu, karatuna ya mutu."

Ban taɓa ba, shi ya ture murfin. Ina kicin na gan shi a gindin buhun shinkafa, santalele da shi. Na yi salati na ɗaga muciya, sai ya ɗago kai ya ƙifta min ido.

Hannuna ya tsaya a sama. Tunda nake ban taɓa jin macijin da ke ƙifta ido ba. Tsoro na ce min gudu, son gulma na ce min matsa. Na tsuguna, sai ga 'yar ƙofar kunne a gefen kansa, wadda maigida ke cewa maciji ba shi da ita, ina masa kunnen ƙashi. Na kifa masa kwando a hankali, bakin kwandon ya danne wutsiyar, ta ɓalle tana ta wutsil-wutsil ita kaɗai. Na fashe da kuka, na zata na kashe shi.

Maigida ya dawo ya leƙa, ya yi ajiyar zuciya. "Lafiyarsa ƙalau. Haka suke yar da ita su tsira. Za ta tsiro, amma guntuwa."

Da na ba mahaifiyata labari a waya ta ce, "Ke 'yar nan, ko kwalli yake sawa maciji ne."

An mayar da shi dajinsa lafiya. Har yau nakan tuna akwai wani mai guntuwar wutsiya a dutsen Borneo, wanda ƙiftawar ido ɗaya ta raba shi da muciyata, sai in ji ina kewarsa.