Malamar da Ta Hango Duniya Tana Tsirowa a Cikin Ƙura

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Mayu, ina tsaye gaban ɗalibai da alli a hannu, wayata ta yi ƙara. Autarki ce, Malama. Ta ce, "Anti, Mama ta cika." Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na sallami aji, na zauna a kan bencin ɗalibai na yi kuka. Amma Malama, da na ɗauki alƙalami in yi ta'aziyyarki, sai na tarar alfahari ya rinjayi baƙin cikina.

Ranar da kika karɓe ni ɗaliba a fannin taurari, ba ki kai ni ofis ba. Kin sa mini farar riga da hular leda, kika gangara da ni wani ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa, inda ƙananan madubai suka cika wani dogon teburin ƙarfe. Kika ce, "'Yata, in atishawa ta zo miki, fita waje ki yi ta." Na ɗauka wasa ne. A nan kika bayyana mini aikin rayuwarki. Madubin hangen nesa guda ɗaya, komai girmansa, ɗigo kawai yake nuna tauraro. Amma in aka ɗebo haske daga manyan madubai huɗu da ke warwatse a kan dutse, aka biyo da shi ta rami har ya gamu a kan teburin nan, sai su zama kamar ido ɗaya mai faɗin filin ƙwallo. Sharaɗin shi ne hasken ya iso tare. Saɓanin da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya ɓata komai.

Akwai wani jaririn tauraro da kika ƙwallafa wa rai, wanda faifan ƙura da iska ya kewaye. Kin ce in aka duba shi da hasken zafi, wanda idon mutum ba ya gani, za a tarar da sabuwar duniya tana haɗuwa a cikin ƙurar. A wani babban taro, wani dattijon farfesa ya miƙe ya ce wannan mafarki ne, na'urarki ba za ta taɓa kaiwa can ba. Aka yi dariya. Ina kusa da ke, kina rubuta tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka hukumar cibiyar bincikenmu ta ba mu damar ƙarshe: in ba a ga wani abu a wannan zangon ba, za a kwance na'urar, ɗalibanki kowa ya kama gabansa.

A tsakiyar wannan hali na haihu, na zo miki da niyyar ajiye karatu. Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Wa ya gaya miki goyo yana hana lissafi?" Washegari na tarar da gadon jariri a ofishinki, tsakanin durowa da taga. Ɗana a cinyarki ya yi haƙoran farko, kina jijjiga shi kina gyara mini kuskure da jan biro.

Abin da ya hana mu sakat rawar da teburin ke yi ce, wadda hannu ba ya ji. Kin kwanta a kan siminti, kunne a ƙasa, kina sa mu kashe injuna ɗaya bayan ɗaya, har kika kama mai laifin: famfon sanyaya ɗaki. Da ke aka ciccibe shi zuwa waje, kina haki kina tsokanarmu wai tsohuwa ta fi mu ƙarfi. Da asubar da layukan haske da duhu suka tsaya cak a kan allo, alamar madubai huɗun sun zama ɗaya, sai kika cire takalmi. Kika yi sujada.

Watanni muka yi muna lissafi kafin hoton ya fito: zobe mai haske, a cikinsa wata baƙar hanya da aka share, a kan hanyar kuma wani ɗan ɗigo. Kika sa sunana a gaban naki a kan takardar binciken. Na yi gardama, kika ce ke kin gaji da ganin sunanki.

Lokacin da ciwo ya kwantar da ke, dattijon farfesan nan ya juya nasa madubin kan tauraron don ya ƙaryata mu. Sai ya tarar ɗigon ya matsa, daidai inda kika ce zai matsa. Ya yi tattaki har asibiti, ya tsaya a ƙafar gadonki da hula a hannu, gaban maigidanki da 'ya'yanki, ya ce, "Hajiya, kin yi gaskiya, ni na yi kuskure. Duniya ce." Kika yi murmushi kika ce, "Zauna mana, Farfesa. Tambayarka ta uku har yanzu ban amsa ba." Autarki ta ce ita abin da ke ba ta mamaki, matar da ta hango wannan nisa kullum sai an taya ta neman tabaraun da ke kanta. Har ma'aikaciyar jinya sai da ta dara.

Na'urar da aka so kwancewa, yau masana daga ko'ina layi suke bi don su samu amfani da ita, kuma ɗalibanki ne ke riƙe da ita. Kin sha gaya mana cewa duk wanda ya ƙura wa sama ido da gaskiya, girman Mahaliccinta zai gani. A kan wannan kika rayu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, maigidanki, da 'ya'ya da jikoki, da mu da kika haifa a wurin aiki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ya Allah ka jiƙan Malama, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa ilimin da ta bari ya yi ta bin ta da lada, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Amin.