Hasumiyar Kanumfari a Bangon Karantina

Safiyar nan kunu nake damawa. Inna na kan tabarma. Ta makance, ta tsufa, har sunana yakan ɓace mata. A unguwarmu ta Karantina, an riga an shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rushewa, amma aka ce mana da saura. Ƙarya ce tsagwaronta.

Abu ɗaya Inna ba ta manta ba, hasumiyar azurfa mai tsawon tafin hannu, da 'yar tuta a ƙoli. Wani maƙeri Bayahude ne ya ba kakana a birnin Adan, kan hanyar hajji. Ya ce su suna zuba kanumfari a ciki, su shaƙa idan ranar Asabar ta fita, don rai ya daure. Inna kuwa kullum da magariba take shaƙa, sai ta ce, "Yauwa, ina gida."

Sai maƙwabciyarmu Rabi, uwar gulma, ta ƙyalla ido ta gani. Ta bi layi tana cewa muna ajiye kayan Yahudawa. Yara suka fara jifar ƙofarmu. Yayana Sa'idu ya haƙa rami a bango bayan firiji, can muke ɓoye ta. Har gobe ban yafe wa matar nan ba.

Da hantsi ƙasa ta girgiza. Ƙarar katafila ce, sai rugugin gidan Rabi. Wuta ta ɗauke. Ƙura ta cika ɗaki.

Masu rushe gidajen suka daka tsawa: "Yalla, maza! Waje! Waje!"

Na goya Inna, ƙafafunta na jan ƙasa. Sa'idu ya koma ya kama firijin. Ya ƙi motsi, bangon ya riga ya jingina a kansa. Ɓarayin ƙarfe suka faɗo, suna fizgar tagogi tun muna ciki. Ɗaya ya maka wa Sa'idu rodi a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashin.

"Halas, ya isa! Fita!" in ji ɓarawon.

Muka fita. Ba mu kai bakin titi ba rufin ya zauna.

Da azahar muna ƙarƙashin gada da ƙullin kaya. Da la'asar wani direba mai aiki a unguwar Abhur ya kwashe mu zuwa ɗakin 'yar'uwarsa.

Magariba ta yi. Na sayo kanumfari, na zuba a tafin hannuna, na kai hancin Inna. Ta shaƙa. Ta lalubo hannuna tana neman tutar. Ta ture shi.

"Baiwar Allah," ta ce, "ki mai da ni gida."

Kafaɗar Sa'idu ta warke a karkace. Inna ta rasu kafin azumi. Ba ta ƙara cewa yauwa ba.