Hala Shafa'atu da Magen da Barau Ya Jefar

Jama'a, a gyara zama, a ajiye waya! Ga Sarauniyar Tukunya, Kwamandar Kuliyoyin unguwar Harra ta Yamma, wadda ludayinta ya fi kulkin askari tsoratarwa: Hala Shafa'atu, yayar mahaifiyata, mai ciwon gwiwa da dogon riƙo.

A nan Madina aka haife ta. Kakanta ne ya zo Hajji a ƙafa, bai koma ba. Sana'arta girkin biki. Duk wanda ya aurar da 'ya a unguwarmu babu shinkafarta, cewa ake yi an dai ɗaura aure, amma ba a yi biki ba. Ragowar nama kuwa ba ta bari a zubar. Leda take cikawa ta kai wani ɗan gida a Al-Sih, inda wasu mata ke kula da kuliyoyin da aka yasar, fisabilillahi. A can ta ɗauko Sundus, mage mai ido ɗaya, mummuna wallahi, amma kar ka faɗa a gabanta.

Sai maƙwabcinmu Ammi Barau, mai shagon taya, ya yi sabuwar mota. Sundus ta hau ta yi barcinta, ta bar masa sawu a gilashi. Mutumin nan ya cusa ta a buhu, ya kai ta bayan gari cikin baƙaƙen duwatsu, ya zazzage. Har da ba da labari a ƙofar masallaci. Ya manta bikin 'yarsa Marwa ya ƙarato, an riga an raba kati.

Hala ba ta yi hayaniya ba. Da matarsa ta zo maganar girki, cewa kawai ta yi, "Tukunyata ba ta hawa wuta sai Sundus ta dawo. Wanda ya kai ta ya san hanya."

Ku zo ku ga Ammi Barau cikin farar jallabiya, rana tsaka, yana bin duwatsu yana "bis, bis, bis!" Ya kamo wata mage, duk ta yakushe shi, ya kawo wa Hala.

"Wannan ido biyu gare ta, ya Barau."

"Haba Hajiya, ai mage mage ce!"

"Tayyib. Ranar biki sai a kai wa ango kowace yarinya, a ce Marwa ce. Kai wannan magen Al-Sih, ka haɗa da buhun abincinta. Ba iska za ta ci ba."

Haka ya yi ta jigila, kullum da sabuwar mage da sabon buhu. Matan gidan kuliyoyin suka ɗauka wani bawan Allah ne mai tausayi, suna ta zuba masa addu'a, shi kuwa kamar ya fashe.

Ana jibi biki na shiga ɗakin Hala neman caja. Wa zan gani a kan darduma? Sundus, ta yi ƙiba, tana hararata da idon nan nata guda. Ashe tun makon farko ta dawo da ƙafarta.

Na ce, "Allahu akbar! Hala, ke fa ko alƙali sai ya zo ya ɗauki darasi! Yau sai na rubuta tarihinki duniya ta karanta!"

Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Rufe ƙofa, sanyin AC na fita. Ka ce wa Barau zan ɗora tukunya, in ya kai buhun yau."