Watan da Baba Ya Ce Rani Ne

Baba ne ya zaɓi watan, ni kuma na sayi tikitin. Ya ce mu je a Shawwal, bayan ƙaramar salla, domin a Shawwal ya baro Gana yana saurayi, ƙasa a bushe ƙamas, kogin bayan garinsu har akuya na tsallake shi. Abin ya yi mini daidai. Jakunkuna nake sayarwa a kasuwar Utaibiyya a Makka, kuma tsakanin tafiyar masu umarar azumi da isowar alhazai kasuwa kwance take. Ban tambayi kowa ba. A unguwar Nakkasa, nan Makka, aka haife ni, da watan Musulunci muke lissafin komai, haihuwa da aure da mutuwa. Ni da na yi azumi cikin sanyi, na kuma yi shi cikin zafin da ke narka kwalta, ban taɓa zama na tuna cewa watan yana zagaya rani da damina ba. Shekara hamsin da ɗoriya sun ɗauke Shawwal ɗin Baba sun ajiye shi a tsakiyar damina.

Abu ɗaya ya kai mu: yayarsa. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun da ya taho aikin hajji bai sake sa ta a ido ba. Da farko ba shi da takardu, in ya fita ba dawowa. Da ya samu iƙama, takardar izinin zama, sai hidimar 'ya'ya ta danne shi, shekara na bin shekara. Gwaggo ta haura tamanin, ƙafafu sun ƙi, kunne ya toshe, saboda haka waya ba ta yi musu komai. In an kara mata a kunne sai ta yi ta kiran sunansa, shi yana amsawa a nan, ita ba ta ji.

Na kira babban ɗanta, sa'ana, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa, na gaya masa watan da za mu zo. Ya ce Allah ya kawo mu lafiya. Daga baya da na tsare shi ina faɗa don bai gaya mini damina ce ba, ya ce to da wane baki zai ce wa kawunsa, baƙon Makka, kada ya zo? Wallahi na so in shaƙe shi. Amma na san da ni ne a wurinsa, abin da zan yi ke nan.

Aka yi wa Baba takardar fita da dawowa ta wata guda. Iƙamarsa ta kusa ƙarewa, don haka ba halin ƙarin kwana. In ya wuce ranar, ƙofar Makka ta rufe masa.

Muka sauka Gana muka bi titin gaɓar teku zuwa yamma, har garin da ɗan Gwaggo yake zaune a zango. Daga nan zuwa ƙauyen Gwaggo tafiyar awa biyu ce kan jan titi, da wata gadar katako a tsakani. Muka ce mu huta kwana ɗaya. Da la'asar hadari ya haɗo daga teku, baƙi ƙirin, ruwa ya kece.

Wanda bai zauna Makka ba ba zai gane abin da Baba ya yi ba. Mu ruwa baƙo ne. In ya sauko mutane fitowa suke, su buɗe kai, su ɗaga hannu, saboda lokacin amsa addu'a ne, kuma kafin ka gama roƙo ya ɗauke, rana ta busar da kai. Baba ya cire hularsa ya fita tsakar gida ya ɗaga hannu. Matan gidan suka yi ta magiya in shigo da shi. Na ce su ƙyale shi, ai rahama ce. Har waya na fitar ina ɗaukarsa, ina dariya, don in tura wa Umma. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya yi kusan rabin awa a cikin ruwan nan yana jira ya ɗauke, bai ɗauke ba.

Washegari labari ya zo cewa kogi ya tafi da gadar. Rana ta uku Baba ya fara tari.

Ban taɓa tsanar wuri kamar yadda na tsani garin nan a watan nan ba, Allah ya yafe mini, domin mutanensa ba abin da ba su yi mana ba. Ruwa safe, ruwa yamma. Ka shanya riga kwana uku ka ɗauko ta da ɗanyen wari. Takalmina ya yi kore a ƙarƙashin gado. Dabinon da muka ɗauko wa Gwaggo, kwali biyu, ya fara hunhuna, muka raba wa maƙwabta kafin ya lalace gaba ɗaya. Tekun da na yi ta ɗokin gani launin ruwan wanki ne, ga ƙarnin kifi, ga kwatami ya cika ya shigo lungu. Tarin ya sauka ƙirji, zazzaɓin sauro ya hau kansa, muka kwana goma sha ɗaya a wani ƙaramin asibiti. Duk wanda ya shigo gaishe shi, abin da Baba ke tambaya ɗaya ne, ko an gyara gadar.

Da aka sallame shi muka ɗauki mota har bakin kogin. Ruwa ja wur, yana gudu da itatuwa. Masu kwalekwale suka dubi Baba, yana dafe da ni yana haki, suka ce ko nawa za a ba su ba za su ɗauke shi ba. Ni dai za su kai ni in ina so. Ban iya ruwa ba, a ina zan koya? Na shiga na runtse ido, na yi ta salati har muka taɓa ɗaya gaɓar, sannan na yi tafiyar ƙafa cikin taɓo.

Na tarar da ita kan tabarma, 'yar ƙarama, fuskar Baba sak. Ta shafa gemuna, ta leƙa bayana.

"Ina yaron?"

Jikarta ta yi mata ihu a kunne cewa yana hayin kogi, ba shi da lafiya, ba hanya. Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta ce ruwan wannan wata haka yake, yana gab da sassautawa, kowace shekara maza kan taru su mayar da gadar.

"Ka ce masa ya jira. Ni ba inda za ni."

Na kai masa saƙon yadda ta faɗa, ban rage ba. Sannan na gaya masa cewa na matso da tikitinmu, jibi za mu tashi. Takardarsa na da sauran kwana takwas. Na ce masa ƙirjinsa ba zai jure wannan danshi ba, in ya sake kwanciya ranar za ta wuce, ya rasa Umma da jikokinsa da kabarin Makka da ya yi shekara hamsin yana roƙo. Duk gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne alhazai sun fara sauka, shagona a rufe, kuma na gaji, na gaji har ƙashina. Ya ce in tafi in bar shi, ɗan yayarsa zai sa shi a jirgi. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce da rani za mu dawo, wannan karon da lissafin Bature.

Ya dube ni ya ce, "Kai ka gan ta."

Ranar da na tsayar muka taso, muka sauka Jidda.

Kwana huɗu da tashinmu ɗan Gwaggo ya kira ni ina shago. Rana ta fito, an mayar da gadar, mota ta wuce da safe. Na ce masa kada ya kuskura ya gaya wa kawunsa. Na koma na ci gaba da ciniki da wata hajiya a kan akwati.

Gwaggo ta rasu a Safar, tun rani bai zo ba. Muka yi zaman makoki a gidanmu na haya a unguwar Rusaifa, tsofaffin maƙwabtanmu na Nakkasa suka zo, aka sha gahawa, aka watse. Rana ta uku bayan azahar, ina naɗe tabarmi, Baba ya kira ni. Ya tambaye ni yaushe aka gyara gadar. Na so in ce ban sani ba. Na dubi fuskarsa na ga ba yau ya fara wannan tambayar a ransa ba.

"Kwana huɗu bayan mun taho, Baba."

Ya lanƙwasa yatsu yana ƙirga kwanakin takardarsa, ya tsaya, ya sake daga farko. Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba, da ma ya yi. Ya ce in kira masa ƙanena.

Ni ne babba, ni nake tura kekensa zuwa Harami kowace Juma'a tun da ƙafarsa ta yi rauni. Daga wannan makon ƙanena ya karɓa. Baba ya yi shekara biyu bayan haka, yana amsa gaisuwata safe da yamma, yana sa mini albarka in na kawo cefane. Bai sake yarda na kai shi ko'ina ba.