Rigar da Wasu Suka Sa Kafin Ni

Jiya a Guangyuan Xilu, titin kasuwa a ƙasar wajen da na zo sarin kaya, na gaji da hawa benaye, na tsaya a wani shagon rigunan ƙwallo. Mai shagon ta miƙo min wata koriya shar a leda, ba wanda ya taɓa sa ta. Sai Malam ya faɗo min a rai, tsohon da ya riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙaramar kwalejinmu.

Ba mu taɓa cin kofi ba. Rigunanmu sun koɗe, suna warin sabulu da tsohon akwati. Amma Malam ba ya ba ka riga sai ya jero maka waɗanda suka sa ta kafin kai, da garuruwan da aka lallasa su.

Ranar da ya ba ni tawa na ce, "Malam, ai duk shan kaye ne."

Ya ce, "Ɗana, an ci su, amma ba su taɓa ƙin zuwa ba."

Ya rasu ina nan ina ɗaurin kaya. Na tsaya a shagon ina laluben sunayen, rabinsu sun ɓace min.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa a kira sunansa inda ba a mantuwa.