Hannun da Kawu Bitrus Ya Ƙi Sa Mini

Ina cikin bas a Oxford Road da safiyar Talata, Mama Saratu, matar Kawu Bitrus, ta kira ni daga Birmingham. "Rahila, kawunki ya tafi gida wurin Ubangiji," ta ce. A lokacin takardata ta tsayawa takarar kansila tana cikin jaka, na yi niyyar sake kai masa ita ranar Asabar ya ga an sa hannu.

Kawu Bitrus yayan mahaifiyata ne. Ya koyar da aikin lauya a Jos kafin ya zauna a unguwar Sparkhill ta Birmingham. Shekarun ritayarsa kuwa a kan nazarin mutum guda ya ƙarar da su: wani lauyan Amurka na farkon kafuwar ƙasar, wanda ya riƙa bin kotunan ƙauye a kan doki har jama'a suka tura shi majalisar jiharsu. Ya faɗi zaɓe, ya koma kan dokinsa, ya sake cin kujerar. Mun sha tsokanar Kawu cewa ya fi sanin wannan Bature a kan 'ya'yansa. Sai ya ce, "Shi ai ba ya katse ni in ina magana."

Bara na sha kaye a zaɓen kansila na unguwarmu, Fallowfield, na yi mako ban leƙa waje ba. Bana da na daure na sake karɓo takarda, sai na yi irin tamu ta gida, na kai wa babba ya fara sa hannu don albarka. Ya turo mini abata bai sa hannu ba, ya ce:

"Ba a ward ɗinki nake ba, council za su yi watsi da form ɗin. Wa ke zaune a flat ɗin da ke jikin naki?"

Ban sani ba.

"Mutumina har sunan dokin maƙwabcinsa ya sani. Je ki ƙwanƙwasa ƙofa."

Na fita da fushi, ko shayin Mama ban sha ba. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, kuma abin yana ci mini rai. Amma na ƙwanƙwasa. Maƙwabciyata, wata tsohuwar nas, ta riƙe ni awa biyu tana ƙorafin kwandon shara, sannan ta sa hannu a layin da na so Kawu ya sa.

A wurin zaman makoki Mama ta ce kullum sai ya tambaya, "Yarinyar nan ta ƙwanƙwasa kuwa?" Na ƙwanƙwasa, Kawu. Jiya na miƙa takardar, kuma sun karɓa.

Ubangiji ya ji ƙansa, ya ba shi hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Mama Saratu da 'ya'yansu, ya riƙe gidan da ya bari. Amin.